Magana A Kan Mai Cin Ƙasa Da Mai Ƙin Tuwo

Ina so in yi magana a kan wani ciwo wanda zaurenmu, mu malamai, a kan fara kai shi, mu kuwa ba mu cika gane shi ba. Shi ne ɓacin ci. Watau mutum shi koma cin abin da ba abinci ba ne, ko shi ƙi ci ɗungum alhali ga akushi a gabansa. Ba yunwar rashi ni ke nufi ba, ita wannan kowa ya san ta, ya kuma san maganinta. Abin da ni ke so in tabbatar muku shi ne, wanda cinsa ya ɓaci majinyaci ne, kuma farkon maganinsa abinci ne da anka zaɓa, anka auna, anka zauna kusa da shi har ya ci. Faɗa da bulala ba su warkar da shi, rubutun sha shi kaɗai kuwa ba shi isa.

Mu mutanen Abare ba sai an ba mu labarin abin da ƙasa ke yi a cikin yaro ba. A shekara ta 2010, watau 1431 ta Hijira, yara ƙanana sunka riƙa faɗuwa da amai da jijjiga, ana kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya, har likitocin ƙungiyar MSF sunka lura a cikin watan Maris, anka auna jini anka tarar gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ne a ke kawowa cikin gidaje, a daka su a turmi, a niƙa su a injin da a ke niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 sunka rasu. A Dareta da 'Yargalma, da anka yi ƙidaya gida-gida, anka tarar yaro ɗaya cikin kowaɗanne huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu a cikin shekara guda. Anka kankare ƙasar gidaje anka zuba sabuwa a Abare da Dareta da 'Yargalma da Sunke da Tungar Guru da Tungar Daji da Duza tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013.

To, me ya sa yara sunka fi mutuwa, alhali manya ne ke dakan? Likitoci sun ce cikin yaro ya kan tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, ga shi kuma hannun yaro ba shi rabuwa da bakinsa. Amma akwai yaran da abin nasu ya wuce sa hannu a baka. Za ka ga yaro shina ɗibar ƙasa da tafi shina ci, ko shina lasar bangon ɗaki, ko shina tauna gawayi da toka, a hana shi shi koma. Haka mata masu ciki da farar ƙasa da ƙasar suri. Wannan likitoci sun lissafa shi cikin cututtukan ci, sun sa masa suna pika, daga sunan wani tsuntsu a harshen Rumawan dā, wanda a ke cewa ba shi barin kome bai haɗiye ba. Sau da yawa a kan same shi tare da ƙarancin jini, watau ƙarancin sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi.

A nan ne abin tsoron ya ke, ku saurara da kyau. Hanjin da ya rasa ƙarfe ya kan buɗe ƙofarsa sosai domin shi samu, dalma kuwa ta wannan ƙofa ta ke shiga. Ciki kuma in babu kome a cikinsa ya fi tsotse ta. Ita dalma in ta shiga sai ta ƙara ɓata jinin, ta kashe marmarin abinci. Ga yaro ba shi cin tuwo, shina cin ƙasa, ƙasar tana ƙara hana shi cin tuwo. An ba dubban yaranmu ƙwayar da ke jawo dalma daga jini, ta kuwa ceci rayuka, Allah Shi saka wa waɗanda sunka kawo ta. Amma a 2021, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar jinyar gubar dalma, ta haɗa da ba da ƙarfe ga mai ƙarancinsa, da sinadarin nan na ƙarfin ƙashi da ke cikin nono. Kuma sananne ne ga masu jinya cewa mai cin ƙasa, in anka gyara jininsa, sau da yawa kwaɗayin ƙasar ya kan bar shi da kansa. Malaman mazhabarmu sun yi saɓani a kan cin yumɓu, tsakanin hani da karhanci, Shehu Halil ya ambaci maganganun biyu a Muhtasar. Ni dai abin da ni ke ce wa uwar yaro, ta ajiye hukunci ta ajiye tsumagiya, ta kai shi a duba jininsa, a ba shi maganin tsutsar ciki, ta nema masa hanta in da hali, da wake, da kwaɗon zogale, da miyar kuka, da kifi, da nono. A matsa lemun tsami a kan abinci, domin shina taimakon ƙarfe shi shiga jiki. Shayi kuwa shina hana shi, kada a haɗa su zama ɗaya. Kada kuma yaro shi fita wasa da safe bai karya ba.

Wannan ke nan a kan mai cin ƙasa. Na biyu ya fi ɓuya, a kansa ne kuma ni kaina na yi kuskure, zan kuwa faɗa domin kada wani shi yi irinsa.

Shekarun baya wani bawan Allah ya kawo mini 'yarsa, budurwa wadda ta yi sauka, mai natsuwa da kunya. Ya ce ta bar cin abinci sai abin da ba a rasa ba, tana azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara da na kwana uku na tsakiyar wata, har ta koma kusan kullum, in an sha ruwa kuma sai ta kurɓi kunu ta ce ta ƙoshi. Uwarta na kuka, shi kuwa bai san ko shi yi murna ba. Wallahi murna na taya shi. Na ce masa gudun duniya ne, Allah Ya ba shi 'ya ta gari, na yi mata rubutu na sallame su. Bayan wata huɗu anka dawo da ita a kan babur ana riƙe da ita. Gashinta ya zube, al'adarta ta ɗauke, tana jin ɗari a tsakiyar bazara, tana kuwa rantsuwa ita ba ta rame ba, jikinta ma nauyi shi ke yi mata. Ashe tuwon da a ke zuba mata kaji ke ci a bayan ɗaki. Ashe kuma tun wata magana da anka yi mata a kan jikinta a gidan biki abin ya soma, azumin mayafi ne ta samu wanda babu mai iya yaye shi. Ni ne na ƙara ɗaure mata shi. Allah Ya sa kwananta na gaba, anka kai ta asibiti, ta yi watanni kafin ta dawo hayyacinta. Har yau in na tuna sai in yi istigfari.

Wanga ciwo ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, Wiliyam Gul, ya bayyana shi a 1873, ya sa masa suna anoreksiya, a shekarar nan kuma wani likitan Faransa, Laseg, ya yi rubutu a kansa. A 1979 wani likita a Landan, Jeral Rasel, ya bayyana ɗan'uwansa, inda mutum zai ci da yawa a ɓoye sa'an nan shi sa yatsa shi amayar. Ya fi kama 'yan mata, ko da shi ke samari ma ba su tsira ba, kuma shina cikin ciwace-ciwacen rai da sunka fi kisa. Wasu za su ce ai wannan ciwon Turawa ne, mu nan ƙiba a ke so. Gaskiya ne ya fi yawa can. Amma a tsibirin Fiji ma ƙiba a ke so, har talabijin ya iso wani yankinsu a 1995, bayan shekara uku masu bincike sunka tarar 'yan mata sun fara sa kansu amai domin su rame. Yanzu kuwa wace budurwa ce ba ta kallon hotunan matan duniya a waya? Ban da wannan, muna da namu dalilan. Akwai wadda anka kashe mijinta a gabanta, akwai wadda anka koro daga ƙauyensu ta zauna gudun hijira a Anka, akwai amaryar da anka kai inda ba ta so. Baƙin ciki ya kan rufe maƙogwaro, mu kuwa sai mu ce aljani ne ko sammu.

Don me na ce abinci ne farkon magani, ba wa'azi ba? Domin yunwa ita kanta tana taɓa hankali. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945, wani masani a Jami'ar Minesota ta Amurka, Ansel Kis, ya tara samari 36 lafiyayyu da yardarsu, ya rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida, sunka zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Mutanen da a dā ke raha sunka zama masu saurin fushi da son kaɗaici, ba su da zance sai na abinci, wasu na tara littattafan girki, wasu na wasa da loma ɗaya tsawon lokaci. Da anka dawo musu da abinci, wasu sunka kasa tsayawa in sun fara ci, anka kuma tarar ƙwayoyin ƙarin kuzari ba su yi musu kome ba sai da abincin kansa ya wadata. Ka ga ke nan da yawa cikin abin da mu ke kira taurin kai ga mai ƙin tuwo aikin yunwa ne a ƙwaƙwalwarsa. Wane malami ne bai san almajirin da bai karya ba ba shi riƙe karatu? Kana yi wa yarinya nasiha, kunne na ji, amma inda nasihar za ta zauna ya bushe. Sai jiki ya fara dawowa tukuna magana ke shiga, sa'an nan likitan ƙwaƙwalwa da malami da iyaye su sami wurin aiki a kan abin da ya jawo ciwon tun farko.

Amma fa a nan akwai rami, ina roƙonku ku karanta wa iyalanku wannan. Jikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi da abinci farat ɗaya. A watan Afrilu na 1945, da sojan Ingila sunka buɗe sansanin Belsen a Jamus, sunka tarar da mutane ƙashi da fata, tausayi ya sa sunka ba su guzurinsu na soja, wasu da yawa abincin nan ne ya ƙarasa su. Dalili kuwa, in tuwo da sukari sunka shiga da yawa bayan doguwar yunwa, sai jiki shi janye wasu gishirai daga cikin jini domin shi sarrafa su, alhali dā ma rumbunsu ya kusa ƙarewa. Zuciya da numfashi kuwa da waɗanga gishirai su ke aiki. Sai ƙafafu su kumbura, numfashi shi yi wuya, hankali shi rikice, ko jijjiga ta taso, ko zuciya ta tsaya, galibi a cikin kwanakin farko.

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai tamowa a asibiti ya ga yadda masu ilmi ke yi. Ba su fara masa da abinci mai nauyi. Akwai madara tsararra da su ke kira F-75, a ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, kwana biyu har zuwa bakwai. Ko maganin ƙarin jini ba a ba shi a wannan lokaci. Sai marmarinsa ya dawo, kumburi ya sauka, kana a matsa zuwa mai kauri, ko zuwa tunkuzar nan mai laushi ta gyaɗa da madara da sukari da mai da ke cikin 'yar leda, wadda Faransawa sunka haɗa a 1996, anka ciyar da dubban yara da ita a Maraɗi a yunwar 2005. Iyayenmu ma sun san wani abu na wannan, shi ya sa mai azumi ke buɗe baki da dabino da kunu kafin tuwo.

To, yau a ƙasarmu wa ya fi shiga wanga hatsari? Wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga bayan wata biyu ko uku a daji. Ga shi ya shigo gida kamar kara, dangi sun taru, an yanka rago, an tuƙa tuwon shinkafa, ga lemun kwalba, kowa na cewa ci, ci ka mai da jikinka. Don Allah a dakata. A fara kai shi wurin likita a auna jininsa in da hali. In hanya ta hana, a fara da kunu da nono da romo, kaɗan, sau da yawa a wuni, a riƙa ƙarawa sannu-sannu cikin mako guda ko fiye, a sa masa ido. In anka ga kumburi ko haki ko ruɗewa, kada a kwana ba a tafi asibiti ba. Ragon ba zai gudu ba.

In an wuce kwanakin hatsari, sauran aikin na gida ne, kuma mai tsawo ne. A asibitin Modsli na Landan anka gwada wata hanya tun wajen 1980, har ta zama ita a ke fara bi ga yara da 'yan mata, ita ce a mai da al'amarin ci hannun iyaye. Ba a tambayar yarinya ko tana jin yunwa, domin ma'aunin yunwarta ya lalace. A tsai da lokaci, ci uku a wuni da ɗan abin taɓawa a tsakani, fura da nono, ƙosai, gyaɗa, ƙwai, dabino. Uwa ko gwaggo ta zauna su ci tare, ba zagi, ba gori, ba kuma tashi sai an gama, ta ƙara zama da ita ɗan lokaci bayan ci saboda mai amayarwa. A auna nauyi sau ɗaya a mako, rabin kilo in ya ƙaru an gode Allah. Za ta yi kuka, za ta ce cikinta ya cika, gaskiya kuma ta ke faɗi, domin tumbin da ya saba da kaɗan ya kan yi jinkirin sauke abinci, sai a hankali shi ke komawa daidai. Masu wanga ciwo akwai likitocinsu a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, da asibitin koyarwa na Sakkwato, da asibitin tarayya na Gusau, zuwa can kuwa ba shi ne hauka ba.

Na san wani ɗan'uwa malami zai kawo mini hadisin da ya hana tilasta wa majinyaci ci. Na ji, na kuwa karɓa. Amma mai zazzaɓin kwana uku daban, wanda barin cin ne ke kashe shi daban. Kuma ni ma ban ce a danne kowa ba. Ɗurar nan da mata ke yi wa jarirai, a toshe hanci a zuba kunu, tana kai kunun cikin huhu, ya kamata a bar ta ƙwarai. Wanda ya kai ga ba shi iya haɗiya, likita ke sa masa siririn bututu ta hanci da ilminsa. Shi ɗan'uwan nan kuma shi tuna Nana A'isha, Allah Shi yarda da ita, ta kasance tana sa a dama talbina, kunun sha'ir, domin majinyaci da wanda anka yi wa mutuwa.

Saboda haka ga abin da ya rataya a wuyanmu. In anka kawo maka wadda ba ta ci, ya kai malam, yi addu'arka, yi rubutunka, amma ka tambayi watanni nawa, ka dubi damtsenta, ka tambayi uwar a keɓe. In ta rame ƙwarai ka ce a tafi asibiti a ranar, da bakinka, domin naka su ke ji. Ka kuma gaya mata hukunci a fili: shari'a ta hana sadar da azumi dare da rana, ta yi wa majinyaci rangwame a Ramadan, a mazhabarmu kuwa wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani shan ruwa wajibi ne a kansa. Nafila ba ta zama hanyar kashe kai. Kalma guda daga malami cewa cinki a yanzu shi ne ibadarki ta kan buɗe bakin da kukan uwa bai buɗe ba, na ga wannan da idona a karo na biyu da irin wagga matsala ta zo zaurena.

Ku kuma fatake da masu tebur, akwai naku. 'Yar ledar nan ta masu tamowa kyauta a ke ba da ita, da sunan yaro da lissafin nauyinsa. In kun gan ta a kasuwa, daga bakin wani yaro anka cire ta, kada ku saya kada ku sayar. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda a ke ɗirka wa 'yan mata kafin aure, wasunsu kumburi su ke sawa ba tsoka ba, suna jawo ciwon sukari da hawan jini, ga su kuma su ne a ke saya wa yarinyar da ta ƙi ci maimakon a kai ta ga likita. Mai injin niƙa kada shi karɓi dutsen ma'adini a injin hatsi kome kuɗin da anka ba shi, domin haƙar zinariya ba ta ƙare ba, ƙungiyar MSF kuwa ta miƙa aikin dalma ga hukumar jiha tun 2022. Mai sai da farar ƙasa, in mace mai ciki ta zame masa abokiyar ciniki ta kullum, shi ce da ita ta je awo a duba jininta. Wanda kuma Allah Ya hore masa, in zai kai dubiya gidan da a ke irin wagga jinya, shi bar lemun kwalba a shago, shi kai mudun wake da gyaɗa da ƙwaryar nono, shi kuma sake komawa bayan wata guda, domin a lokacin ne dangi kan gaji.